Ranin da Na Nemi Gurbina a Ciyayya

A da, idan aka gama ɗaure dawa aka kai rumbu, aikin shekara ya ƙare a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Ƙasa ta bushe ta yi fari, majiya ƙarfi su naɗe tabarma su tafi cin rani birni ko kudu, waɗanda suka rage su yi ta gyaran danga da yaɓen ɗaki da tufkar igiya a gindin bishiya. Lokaci ya yi yawa har a rasa yadda za a yi da shi. Yanzu kuwa duk wanda ya bi hanyar cikin rani kore zai gani iya ganinsa, shinkafa da alkama da tumatir da albasa, ruwa yana gudu a kanal kamar damina ba ta tafi ba, kuma mutanen wasu garuruwa ne ke zuwa cin rani wurinmu. Ni na bar garin yana kan halinsa na farko, na dawo shekara goma bayan gama sakandare na tarar da shi a na biyu. Abin da ya same ni a wannan dawowar, cikin shekarun tamanin, shi nake so in rubuta tun ina iya tuna shi daki-daki.

Mu uku ne 'yan garinmu a aji ɗaya a makarantar kwana. Akwai taubashina, ɗan kawuna, wanda ya fi kowa lissafi, malamai duk sun gama yanke masa cewa injiniya zai zama. Akwai ɗan malamin garinmu, gidansu gidan karatu ne tun kakanni, amma shi ba abin da yake gudu kamar ya gaji buzun mahaifinsa. Soja yake so ya zama, ko tafiyarsa irin ta sojoji ce. Sai ni, wanda ake yi wa dariya saboda kewar gida. Tun ranar da aka koma makaranta nake ɗokin hutu. Burina bai wuce in gama, a ba ni aji a firamaren Kura, in riƙa zuwa a keke ina dawowa in ci tuwon mahaifiyata ba.

Ba wanda ya sami abin da ya tsara. Muna gama jarrabawar ƙarshe kawu ya rasu ya bar mata da ƙananan yara, taubashina ya koma gona yana kuka da hawayensa. Ɗan malam ya je neman shiga soja, aka auna ƙirjinsa aka ce bai kai ba, ya dawo mahaifinsa ya miƙa masa aji a Islamiyyar da ya buɗe a zaure. Ni kuwa wani malaminmu na Larabci ne ya sa sunana cikin waɗanda za a tura karatu Sudan, ko tambayata bai yi ba. Na tafi da niyyar in yi in dawo. Daga Kartum hanya ta buɗe zuwa Faransa, daga can na sami aikin tafinta a Jidda, sannan a Abijan. Kowane wuri nakan ce daga shi sai gida.

Abin da na fi kewa a duk shekarun nan shi ne ciyayyarmu. Lokacin hutu, da an idar da sallar magariba kowa zai shiga gidansu ya ɗauko kwanon tuwonsa, mu haɗu a dakalin ƙofar gidan malam, mu uku da wasu tsararrakinmu biyu da ba su yi boko ba. Ba mai cin nasa shi kaɗai. A buɗe kwano ɗaya a cinye, a ture shi gefe, a jawo na biye. Ko ido a rufe ka san miyar gidan kowa. Ta gidan kawu yaji ne ya yi mata yawa, ta gidan malam daddawa, ta mahaifiyata kuwa ba a rasa ɗan man shanu a kanta, shi ya sa ake barin ta ƙarshe. In an yi sa'a da tsoka, wawa ake yi. Taubashina ɗan namiji ne, ni ɗan mace, don haka a wasan taubasai ni bawansa ne. Ba ya kirana da wani suna sai “bawana”, kuma yakan ce bawa ba ya cin nama a gaban ubangidansa, ya fizge daga hannuna ya jefa baki.

Na ci abinci da mutane iri-iri bayan haka. A Sudan babban faranti ake fitowa da shi, duk mai wucewa a kira shi, in ka ƙi har riga sai su riƙe maka. A Faransa kowa da farantinsa da wuƙarsa, hira mai daɗi, amma kowa ya san iyakarsa. Abin da ya fi kama da tamu na gan shi a Kartum cikin watan azumi, maƙwabta su fito da abincinsu bakin titi a haɗa. Sai dai wata ɗaya ne a shekara, kuma ni ba ni da gidan da zan shiga in ɗauko wani abu. A duk waɗannan wurare akwai mai gida akwai baƙo, ni kuma kullum baƙon ne. A ciyayya kowa mai gida ne, domin kowa ya kawo abin da aka dafa a gidansu yadda aka saba dafawa.

Mahaifinmu ya rasu tun ina ƙarami. Rasuwar mahaifiyata kuwa a Jidda na ji ta, a bakin wani alhaji mutumin Bunkure da na taimaka wa da magana a wani kanti. Da ya gane ko ni ɗan wane gida ne, sai ya kama hannuna ya yi mini gaisuwa, yana zaton na sani. Watanni sun wuce da binne ta. Na amsa masa kamar na sani don kada in sa shi jin nauyi, na raka shi har bakin mota.

Da aikina na Abijan ya ƙare na ce ya isa haka. Na haɗa kayana da niyyar dawowa gaba ɗaya, in nemi koyarwa a kusa, in yi aure, in karɓi rabona na gona. Direba ne ya nuna mini mararrabar garinmu, ni ban gane ta ba. Gefen titin Zariya duk jajayen shanyar tumatir ne, kukar da muke gane hanya da ita babu ita. Katafila ta baje gonaki ta tuge gambar da ke kan iyaka, malaman awo sun sake yanka ƙasar a miƙe, sun mayar wa kowa kasonsa a inda ya faɗa. Yayana ya kai ni tamu, wata doguwar gona tsakanin ƙananan kanal biyu, alkama ta nuna ana shirin sa lauje. Na tambaye shi ina tsamiyar da Inna take ajiye mana fura a gindinta. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya ce yana jin wajen can ne inda babban kanal ya bi, amma ba zai rantse ba. Na taɓa ganin irin waɗannan gonaki a Jazira ta Sudan, layi-layi har ƙarshen gani, na yi ta sha'awarsu ta tagar mota. Ban taɓa tambayar kaina me ke wurin kafin a ja layukan ba.

A gida aka share mini zaure, aka shimfiɗa sabuwar tabarma da katifa. Yayana ya yi aure bayan tafiyata, matarsa ba ta san ni ba sai a labari. Ƙanin miji abokin wasa ne, amma ita daga bakin ƙofa ta durƙusa ta gaishe ni kamar suruki. Abincina kullum shinkafa da kaza, ko taliya 'yar murji, cikin samirun da aka yi mata jere da su, masu sheƙi, waɗanda ba a taɓa zuba musu abinci ba. Yayana zai ajiye ya ce, “Bismillah, a ci a hankali,” ya fita ya sakaya ƙofa don baƙo ya sake. Na san al'adar, na sha yi wa wasu. Na kuma sha cin abinci ni kaɗai a ƙasashen mutane, amma can ba na jiyo muryoyin 'yan gidanmu ta bayan bango suna ci suna dariya.

Washegarin saukata da hantsi wata akori-kura ta tsaya a ƙofar gida, bayanta cike da kwandunan tumatir. Taubashina ya fito daga ciki. Ya yi ƙiba, ya yi haƙorin Makka. Na taso da sauri zan rungume shi, sai ya miƙo mini hannu biyu yana ɗan rusunawa.

“Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. An sha hanya.”

Na ce, “Wane ne ranka ya daɗe? Kai, ni ne fa.”

“Ai na gani. Yaya mutanen can? An baro su lafiya?”

“Lafiya lau, Alhaji injiniyan tumatir. Ina lissafin ya tafi?”

Ya yi 'yar dariya ya ce, “Yana nan, a kan kwando ya ƙare.”

Na jira ramuwa. A da in na tsokane shi sai na gaji da saurare. Bai rama ba, sai ya tambaye ni ko zafin garin bai dame ni ba. Muka zauna a zaure yana ba ni labarin waɗanda suka rasu da waɗanda suka yi aure. Da ya miƙe zai tafi na tambaye shi abin da ke raina.

“Har yanzu a dakalin gidan malam ake haɗuwa?”

Ya juya makullin mota a yatsa. “Ciyayya? Tana nan mana. Ina za ta je?”

“To yau da ni.”

“Yau dai akwai lodin Legas. Bari sai gobe, in gaya wa malam ƙarami.” Haka suke kiran ɗan malam yanzu.

Washegari da magariba ta yi na ɗauki samirata zan fita, yayana ya tare ni a ƙofa.

“Haba! Kai da ka sauko daga jirgi, ka bi layi da kwano a hannu? A ce me?”

Na ce, “Yaya, abin da ya dawo da ni ke nan.”

Ya girgiza kai ya ba ni hanya.

Mu biyar ne a dakalin kamar da, sai dai an yi masa siminti. Ɗan malam ya ajiye gemu, muryarsa ta yi sanyi, tafiyar sojan ta tafi. Sauran biyun, ɗaya yana da gonar albasa, ɗayan kuma tasa gonar ta fita hannunsa, ƙwadago yake yi a gonakin wasu. Kowa ya zo da langarsa ta tuwo da faifai a kai. Na ajiye samirata a tsakiya tana ɗaukar hasken fitila. Aka fara da tawa don girmamawa. Da aka buɗe, shinkafa da miyar tumatir da cinyoyin kaza, sai kowa ya ƙura mata ido.

Mai albasa ya ce, “Tabɗi! Sallah aka yi ba mu ji ba?”

Aka yi dariya, amma da kan yatsu suka ci. Da aka zo kan tuwo, mai ƙwadago ya ɗaga faifansa yana cewa, “A yi haƙuri da abin da ya samu.” Ban taɓa jin an ba da haƙuri a kan tuwo a ciyayya ba. Ni dai na sa hannu na ci, miyar kuka ce da daddawa, na ci har na ji kunyar kaina. Suka yi ta tambayata ko da gaske ne a Faransa ana cin kwaɗi, na ce da gaske ne, mai albasa ya ce to ga kanal nan cike da su, a gaya wa Turawan su zo da kwando. Na koma gida da farin cikin da na daɗe ban yi irinsa ba. Na ɗauka na dawo.

Abin da ban yi la'akari da shi ba shi ne kwanukan gidajensu suke komawa, kuma da labari suke komawa. Matan garinmu ba sa fita, amma kwanukansu suna fita, kuma a kwano ake sanin mace. Washegari ba tuwo ko ɗaya a dakalin. Matar taubashina ta yanka zakara. Daga gidan malam funkaso da miyar taushe. Mai albasa ya zo da shinkafa da naman kasuwa. Mai ƙwadago, wanda na san halin da yake ciki, ya buɗe langarsa sai ga zabuwa. Matar yayana ta ji abin da aka fitar, ita ma ta ƙara farfesu a kan nata. Haka aka yi ta yi, kullum wani gida ya ɗara na jiya. Ba wanda ya sake kai wa nama wawa. Duk tsokar da ta fito sai a tura ta gabana da bayan yatsa, in na mayar a sake turowa. Hira kuma ta koma tambaya da amsa, su tambaya in ba da labari, kamar ɗan jarida ya zo.

Na ga abin ya ɓaci, na je bakin ƙofar tsakar gida na yi sallama da matar yayana.

“Don Allah gobe tuwo nake so, irin wanda kuke ci a ciki.”

“Tuwon dawa? Rufa mini asiri. Matar Alhaji tana yanka zakara, ni in fitar da tuwo?”

“Ai ni na roƙa.”

“Kai ka san ka roƙa. Su wa zai gaya musu?”

Na yi ta lallashi har ta yarda, ba don ta so ba. Tunanina shi ne in na kawo tuwo kowa zai huta ya koma nasa. Na ɗauki tsohuwar langa na kai dakali, na buɗe ta tsakanin kaji da funkaso ina murmushi, na ce yau an koma gida. Suka dubi tuwon, suka dubi juna. Ɗan malam ya ce, “Madalla, albarka ke nan,” aka sa hannu aka ci.

Da safe sai ga ɗan malam da kansa ya kawo wa yayana kaji biyu da ƙullin shinkafa, ya ce a taimaka da hidimar baƙo, ai nauyin na kowa ne. Bayan ya tafi yayana ya shigo zaure ya zauna a bakin tabarmata. Wannan ne zamansa na farko a wurin tun saukata.

“Me muka rage ka da shi?”

“Ba komai, Yaya.”

“To yau an kawo mini taimako har gida. Gari ya ɗauka mun gaji da kai, ko mun gaza.”

Na yi masa bayani tun daga farko, ya saurara kansa a ƙasa. Da na gama ya ce, “Na ji. Amma ni ne zan zauna da su bayan ka tafi.”

“Ba tafiya zan yi ba, Yaya. Dawowa na yi.”

Ya dube ni sosai, sannan ya ce, “To, Allah ya sa,” ya tashi ya fita.

Aka koma samira. Daga nan dakalin ya fara raguwa. Mai ƙwadago ne ya fara ɗauke ƙafa, aka ce yana gadin wata gona. Sai mai albasa, an ce ranar ruwansa ce, ranar da ake sako wa gonarsa ruwa. Taubashina ya riƙa aiko da kwanonsa shi yana bakin titi wurin lodi, daga baya kwanon ma ya daina zuwa. Aka bar ni da ɗan malam, yana ci a natse cikin ladabi, amma hankalinsa yana kan zaure inda magidanta ke jiransa da littattafansu don karatun bayan magariba. Wata rana kuma aka ce ya tafi Dawakin Kudu ta'aziyya. Na zauna a dakalin da samirata a gefe, ban buɗe ba. Kwaɗi suna ta kuka daga wajen kanal, abin da ban taɓa ji da rani ba a garinmu, sauro kuma yana cizon ƙafafuna. Masu wucewa su gaishe ni da girmamawa su wuce. Duk takun da na ji sai in ɗaga kai. Da aka kira sallar isha'i na ɗauki kayana na koma zaure, na tilasta wa kaina na ci rabi, don kada matar yayana ta gane ba wanda ya zo.

Washegari da rana tsaka na bi bakin kanal na je gonar taubashina. Na same shi ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana cikin taɓo, yana jera lanƙwasassun bututan da ake jawo ruwa da su daga kanal zuwa fangali. A hannunsa na hagu akwai gurasa da ƙuli a cikin takarda, yana aiki yana gutsura.

Na ce, “Jiya na jira ku.”

“Da yamma aka sako mana ruwa. In ban tsaya ba, na sama da ni ya tare, sai kuma wani zagayen.”

“Shekaranjiya fa? Da ranar da ta gabace ta?”

Ya miƙe tsaye ya share goshi da damtse, ya dube ni. Sai na ga fuskar da na sani tun muna yara.

“Kai bawan nan, ba ka da tausayi ne? Ka ƙarar mana da kajin gari! Matata ta daina amsa mini gaisuwa, ta ce in za a ci gaba da haka in auro mai kiwon kaji. Wancan bawan Allah zabuwar da ke yi masa ƙwai ya yanka maka. Kai kuma ka zauna kana ba mu labarin kwaɗi.”

Na yi dariya har sai da na dafa gwiwa. Na ce, “To mu koma tuwo mana. Ni shi na zo nema.”

“Wane tuwo? Zo ka zauna.”

Ya fito daga taɓon muka zauna a kan gaɓar kanal, ƙafafunsa a cikin ruwa. Ya ɗauki lokaci yana wanke su kafin ya yi magana.

“Ciyayyar nan ta mutu tun shekarar da ruwa ya iso layinmu. Ba faɗa aka yi ba. Wannan ruwansa da asuba, wancan da yamma, wani yana bakin titi yana jiran motar kudu, wani yana korar tsuntsu. Yau a haɗu mutum uku, gobe biyu, har aka daina fito da kwano. Da damina ma ba a dawo da ita ba, an riga an saba. Ranar da ka tambaye ni na dubi fuskarka na kasa gaya maka. Na bi su gida-gida na ce a taru a yi maka. Mun ɗauka kwana kaɗan za ka yi ka koma.”

Na kalli ruwan. Sai yanzu na gane dalilin da ya sa langar mai albasa take da tsatsa a baki, da dalilin da ya sa ba wanda ya san inda zai zauna a daren farko.

Na ce, “In na zauna gaba ɗaya fa?”

“Sai ka karɓi gonarka, a ba ka ranar ruwanka, ka ci a tsaye kamar kowa. Ba daɗi, amma yara suna ƙoshi, kuma ba wanda ke barin iyalinsa ya tafi cin rani. Ni ba zan ce a mayar da ruwan ba.”

Ni ma ba zan ce a mayar ba. Can sai ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, ko na ga manyan gadoji a can. Na ce na gani. Ya ce in gaya masa yadda suke. Na kwatanta masa wata da na sha bi a Abijan, doguwa a kan ruwa, motoci a sama jirgin ƙasa a ƙarƙashi. Ya tambaye ni yadda aka kafa ginshiƙanta a cikin ruwa, da abin da ke hana ta tsagewa in rana ta yi zafi. Ban sani ba. Na bi ta kanta ba adadi, ban taɓa tsayawa na duba ba. Ya gyaɗa kai, ya zana wani abu da yatsa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya goge. Sannan ya lura fangali ɗaya ya cika yana neman ɓallewa, ya yi tsalle ya koma taɓo.

Na ɗaga murya na ce, “Ka gaya musu na gode. A bari haka.”

Bai yi musu ba. Ya ɗago hannu yana sunkuye, na ga kafaɗunsa sun sauka kamar wanda aka sauke wa kaya.

Na zauna a garin har aka gama sussukar alkama, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. A zaure nake ci. Na je Kano neman koyarwa ya fi a ƙirga, amma shekarun na tsuke bakin aljihu ne, ba a ɗaukar kowa. Da na so, da na karɓi rabona na gona na koyi zaman jiran ruwa, ba wanda ya hana ni. Sai dai na gane ba don gona na dawo ba. Da wani tsohon abokin aiki ya ce ana neman tafinta a Yamai, ban daɗe ina shawara ba. Na bar wa yayana kasona ya ci gaba da nomawa. Taubashina ne ya kai ni tasha a akori-kurarsa, muna tafe yana tsayawa yana tambayar farashin kwando.

Uku daga cikin mutanen dakalin nan sun rasu yanzu, Allah ya ji ƙansu. Ni kuma na yi aure a wata ƙasa, 'ya'yana suna jin Hausa amma ba su san miyar gidan kowa a garinmu ba. Tun daga ranin nan ban sake zama a can a matsayin ɗan gari ba. Nakan je sallah ko ta'aziyya, a karɓe ni da mutunci, in kwana biyu in tafi. Ciyayyar tsararrakinmu kuwa ba a sake yin ta ba, da ni ko ba ni.